Idan aka kama 'yar'uwarku a Legas: abin yi tun ranar farko

A unguwanni irin su Agege da Idi-Araba, jinkirin dangi ne ya fi cutar da macen da aka kama. Wasu kunya ke hana su zuwa caji ofis, kada a ji 'yar gidan wane tana tsare. Wasu kuma su ce ai mace ce, za a tausaya mata. Sau da yawa ba haka abin yake ba, musamman ga bazawara ko mai talla da dare, wadda ake yi wa kallon 'yar iska tun ba a ji ta bakinta ba.

Ku je a ranar. Ku tambayi laifin da ake zarginta da shi da sunan ɗan sandan da ke binciken. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai ta kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mace a madadin mijinta ko ɗanta da ya gudu, ta kuma hana kama mutum kan bashi kawai. Caje jikinta kuwa, mace ce za ta yi.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen rubuta bayani. Ana rubuta shi da Turanci, ita kuma a tsorace take, hankalinta yana kan yaran da ta bari a gida, sai ta dangwala yatsa don a sake ta da wuri. Wannan takarda ce za a karanta wa alƙali. Ku ja mata kunne: tana da 'yancin yin shiru har lauya ya zo, kada ta sa hannu sai an fassara mata kowane layi. In ba kuɗin lauya, Ofishin Lauyan Talakawa na jihar, OPD, yana tsayawa kyauta, haka ma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Belin 'yan sanda kyauta ne. Kada ku yarda a ce sai namiji zai tsaya mata. Doka ta yarda uwarta ko yayarta ta karɓi belinta. Mai karɓar belin ta zo da katin shaida, hotunan fasfo da shaidar adireshi.

Idan tana da ciki, tana shayarwa ko tana shan magani, lauya ya faɗa wa majistare tun zaman farko, kafin a tura ta gidan gyaran hali na mata da ke Kirikiri.