Idan kanwa ta kama gonar shinkafa: yadda nake gyara tawa

Gonata tana yankin Kadawa, cikin filayen da ke shan ruwan Tiga, kuma tun ina yaro nake jin mahaifina yana kiran gefenta na yamma "wurin kanwa". A nan ƙasa ta ɗan yi kwari. Da bazara sai ka ga wani fari-fari ya fito a samanta kamar an barbaɗa gari, wani wurin kuma baƙi-baƙi mai maiƙo kamar an zubar da baƙin mai. Shekara uku na yi ina jibga wa wurin yuriya fiye da ko'ina, shinkafar tana ƙara tsumburewa, bakin ganyenta yana ƙonewa. Kuɗina kawai na zubar. Abincin yana nan a ƙasa, saiwar ce ta kasa ci.

Kafin ka sayi komai, fara sanin wace irin cuta ce a gonarka, domin mu manoma duk kanwa muke ce musu, alhali iri biyu ne. Akwai ƙasar da gishiri ya yi wa yawa kawai: tana yin farin ɓawo, amma ruwa yana shigarta yana wucewa. Akwai kuma wadda sinadarin sodiyam ya manne wa yumɓunta. Wannan ita ce mai wuyar sha'ani. Idan ta jiƙe sai ta yi santsi kamar sabulu, ruwa ya kwana a kanta bai nutse ba, idan ta bushe kuma ta yi tauri kamar daɓe. Gwajin gida mai sauƙi ne. Samu kofin gilashi, zuba ruwan sama ko ruwan roba, ka saka ɗan busasshen curin ƙasa kamar girman ƙwayar gyaɗa a hankali, kada ka motsa. Ka dawo bayan awa biyu. Idan curin ya ruguje amma ruwan yana nan garau, da sauƙi. Idan ruwan ya yi gurɓi kamar an ɗiga madara kewaye da curin, sodiyam ne. Mai hali ya ɗebi ƙasa daga wuri biyar ko shida, zurfin taƙi ɗaya, ya kai ɗakin gwajin ƙasa, irin na Jami'ar Bayero ko na cibiyar binciken noma ta Samaru. Lamba biyu za ka tambaya. Ta farko ma'aunin gishiri: shinkafa tana fara asara da zarar ya haura 3, kuma kowace lamba ɗaya da ta ƙaru tana cin kusan kashi 12 cikin 100 na amfanin. Ta biyu ita ce pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa: idan ta wuce 8.5, to ka san kana fama da mai santsin nan ce.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa shi ne ya sa yuriyata ta tafi a banza. Gishiri yana riƙe ruwa, sai shinkafa ta tsaya cikin ruwa tsundum amma tana jin ƙishi. Sodiyam kuma yana kama da fotashiyam, ta ƙofa ɗaya suke shiga saiwa, idan ya yi yawa sai ya rinƙa yi masa shigar sauri. Fotashiyam shi ne mai ƙarfafa kara da cika ƙwaya, shi ya sa gonar kanwa take ba da shanshera marar nauyi, rabi fanko. Sannan idan pH ta yi sama, fosfaras da zinki suna ƙullewa a cikin ƙasa yadda saiwa ba za ta iya ɗauka ba, yuriyar da ka watsa a kan ruwa kuma wani kaso nata ya zama iska ya tashi. Duk wanda ya taɓa jin wani wari mai hawa hanci a gona kwana biyu bayan zuba taki ya shaƙi kuɗinsa ne.

Aikin farko ba na taki ba ne, na magudana ne. Gishiri ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa, sai dai ruwa ya ɗauke shi ya kai shi wani wuri. Idan magudanar da ke bayan gonarka ta cika da kacala da laka, duk abin da ka wanke zai tsaya a ƙarƙashin ƙasa, zafin watan Afrilu ya sake janyo shi sama. Mu huɗu da muke maƙwabtaka muka haɗa kuɗin lebura muka yashe tamu, kuma wannan ne aikin da ya fi kowane wahalar shawo kan mutane, don kowa yana ganin na ƙasa da shi ne zai amfana. Bayan magudana sai daidaita fangali. Duk inda ya yi tozo ya fito daga ruwa, nan gishiri yake taruwa, don haka ka baje shi sosai kafin ka ci gaba.

Yanzu takin gargajiya. Abin da yake yi wa irin wannan ƙasa ya wuce ciyarwa. Yayin da yake ruɓewa yana fitar da wani tsami-tsami da ke narkar da alli da ke kwance a cikin ƙasa, kalsiyam ɗin da ya fito ya ture sodiyam daga jikin yumɓu, ruwa ya tafi da shi. Yana kuma sa ƙasa ta yi dunƙule-dunƙule, ta buɗe ƙofofin da ruwa zai bi. Shi ya sa nake cewa taki ne yake buɗe hanya, ruwa ya yi wanki.

Amma ba kowane taki ba. Kashin shanu da ya daɗe ya ruɓe shi ne na gaba a wurina. Na tumaki da awaki ma yana da kyau. Kashin kaji yana da ƙarfi, kuma na san masu tumatir ba sa wasa da shi, sai dai shi kansa yana ɗauke da gishiri mai yawa, don haka a wurin kanwa kaɗan nake sawa, a gauraye da wani abu. Wanda na hana kaina gaba ɗaya shi ne toka da takin bola. Bolar gari cike take da tokar murhu, toka kuwa 'yar uwar kanwa ce. Ai da ita iyayenmu mata suke yin ruwan toka su sa a miya idan babu kanwa. Ka zuba ta a ƙasar da pH ɗinta ta riga ta yi sama, ka ƙara wa Barno dawaki ke nan. Haka ƙona karan shinkafa a cikin gona bayan casa: ka ƙone abin da ƙasar take nema, ka bar mata abin da ke cutar da ita.

Buntun shinkafa shi ne abin da na fi jin daɗin ganowa, domin a Kura tsibi-tsibi yake a bayan injinan casa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera shi ne. Ba shi da wani abinci mai yawa, kuma yana daɗewa bai ruɓe ba, amma wannan daɗewar ce amfaninsa: yana shiga tsakanin yumɓu ya hana shi mannewa. Yana kuma ɗauke da silika, wadda shinkafa take sha da yawa tana ƙarfafa jikinta. Kuskuren da na yi a shekarar farko shi ne na zuba shi ɗanye da yawa, na yi dashe a makon. Shinkafar ta yi ɗorawa, saboda ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sun cinye naitirojin ɗin da ke wurin kafin ita ta samu.

Tun daga lokacin nake haɗa buntun da kashin shanu a tsibi su ruɓe. Bayan girbin damina nake farawa, a inuwar wata bishiya a bakin gona. Shimfiɗar karan shinkafa da buntu kamar kaurin taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa, sai shimfiɗar kashin shanu rabin wannan kaurin, a sake maimaitawa har ya kai ƙirjin mutum. Jiƙewar da ake so ita ce idan ka matse a hannu ya dunƙule amma ruwa bai zuba ba. A rufe da tsofaffin buhuna. Ina soka sanda a tsakiya. Idan na zaro ta bayan kwana huɗu na ji ta da zafi, aiki yana tafiya. Ana juyawa duk mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar farkon damina. Zafin nan yana kashe yawancin irin ciyawar da ke cikin kashin shanu, wanda ɗanyen kashi zai shuka maka kyauta.

Yawan da za a sa: tan 5 zuwa 10 a hekta. Tan 5 buhu 100 ke nan mai kilo 50, ko rabin kilo a kowace murabba'in mita. Na san wannan ya fi ƙarfin yawancinmu a shekara ɗaya. Kada ka baza ɗan abin da ka samu a duk gonar har ya zama ba a gani. Zaɓi fangalin da ya fi lalacewa ka cika masa nasa, baɗi ka matsa gaba. A watsa, a juya shi da ƙasa zurfin taƙi guda, aƙalla mako biyu zuwa uku kafin dashe. Sai a cika fangalin da ruwa, a bar shi kwana biyu ko uku, a sake shi ya fita ta magudana, ba cikin gonar maƙwabci ba. A maimaita sau biyu ko uku. Wanda gwajin kofinsa ya nuna gurɓi sosai, taki kaɗai zai yi masa jinkiri, ya nemi farar ƙasar nan da ake kira jifsam, wadda ake haƙowa a Yobe da Sakkwato don yin siminti. A daka ta ta yi laushi, a sa tare da takin kafin wankin. Yawanta kuwa gwajin ƙasa ne yake faɗa, kada ka yi kirdado.

Akwai wata hanya ga wanda ba shi da shanu: zamarke. Wannan tsiron da ke fitowa da kansa a fadama muna tuge shi, ashe dangin wake ne, yana tara naitirojin daga iska, kuma yana jure kanwa da kwanciyar ruwa. A shuka shi da kauri, bayan kwana 45 zuwa 60, kafin karansa ya yi itace, a sare a binne shi a wurin. Matsalarsa ɗaya, yana cin lokacin da wani zai so ya sa wani amfanin.

Wajen dashe, shinkafa ta fi jin gishiri a lokaci biyu: tana jaririya, da lokacin da ta ɗauki ciki zuwa fitar da kai. Don haka ban taɓa yin gadon iri a wurin kanwa ba, kuma ba na yafa iri a can. Irin da zan kai wurin ina barinsa ya kai kamar kwana 30, ya fi wanda nake dasawa a lafiyayyen gefe girma, kuma ina sa uku ko huɗu a rami saboda wasu za su mutu. Irin shinkafar da ake kira FARO 44 nake nomawa kamar kowa a nan. Kada ka bar fangalin ya bushe har ya tsage, musamman a waɗannan lokuta biyu. Dabarar nan ta barin gona ta sha iska tsakanin ban ruwa tana da kyau a ƙasa mai lafiya, amma a nan bushewa tana tattara gishirin a daidai inda saiwa take. Ruwan da ya daɗe a tsaye ma a rinƙa sauya shi, don rana tana shanye ruwan ta bar gishirin. Mai ban ruwa da rijiyar burtsatse ya ɗanɗana ruwansa, ya kuma kai shi gwaji.

Takin zamani ban daina ba, rage ɓarna na yi. NPK nake sawa lokacin dashe saboda fotashiyam da fosfaras. Yuriya kuma na raba ta uku, kuma kafin in zuba ina rage ruwan ya zama laka-laka, in zuba da yamma, in mayar da ruwa washegari. Idan mako biyu zuwa huɗu bayan dashe ka ga ganye yana fitar da ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa, gonar ta yi wani wuri dogo wani gajere, yawanci ƙarancin zinki ne, kuma kilo 25 na zinki salfet a hekta yana maganinsa, yakan ma kai shekara biyu ko uku yana aiki.

Bayan girbi ina barin wani kaso na karan a shimfiɗe a kan wurin kanwar har bazara ta wuce, don ƙasar da aka bari tsirara a zafin Maris da Afrilu ita ce ke janyo gishiri sama. Wannan sai an yi magana da makiyaya tun da wuri. Ni nakan ba su karan gefen gabas, su kwana da shanunsu a can mako guda, kashin da suka bari in kwashe shi zuwa tsibi. A shekara ta farko abin da na gani kawai shi ne ruwa ya fara nutsewa. Sai a ta uku ne gefen yamma ya kusa kamo sauran gonar a tsayi, kuma har yanzu akwai wani lungu kusa da kwalbati da yake yin fari duk watan Afrilu. Shi zan cika wa taki bana.