Darasi na Bakwai: Saitin Aksul da Cinyewar Taya a Ƙaramar Tirela

Tirelar da wannan darasi yake magana a kanta ita ce ƙarama, wadda ake jonawa a bayan mota ko tarakta. A Amurka da ƙasashen Turai akwai wadda ake ƙerawa kamar ɗaki, da gado da madafa a ciki, iyali su ja ta zuwa daji ko bakin tafki su kwana a cikinta lokacin hutu. A wurinmu an fi ɗora mata tankin ruwa, ko janareta, ko buhunan amfanin gona. Abin da ke bisa ya bambanta, amma ƙarƙashinsu ɗaya ne: akwai aksul, wato ƙarfen da ya ratsa daga wannan taya zuwa waccan, akwai sifirin da aksul yake ɗaure a jikinsa, akwai kuma boris da taya take juyawa a kansa.

Yawancin masu tirela, idan suka ga taya ta cinye ta gefe ɗaya, sai su ce tayar ce ba ta da kyau, su sayi wata. Bayan 'yan watanni sabuwar ma ta cinye a daidai wurin da tsohuwar ta cinye. Kafin a kashe kuɗi a kan sabuwa, wajibi ne a zauna a duba tsohuwar da kyau, domin yadda ta cinye shi ne zai nuna inda cutar take.

Karanta fuskar taya

A ajiye tirelar a wuri mai haske, a durƙusa a dubi zanen tayar daga gefen ciki zuwa gefen waje, sa'an nan a shafa shi da tafin hannu. Idan gefe biyun duka sun cinye amma tsakiya tana nan da zanenta, iska ce ta yi kaɗan. Idan kuwa tsakiyar ce ta shafe, gefuna suna nan, iskar ta yi yawa. Waɗannan biyu ba su shafi aksul ba, aikin mai faci ne. Sai dai a riƙa auna iska da safe kafin a hau hanya, saboda taya mai zafi tana nuna wa geji fiye da abin da ke cikinta a lokacin sanyi.

Cinyewar gefe ɗaya ita ce ta fi bukatar bayani. Masu ƙera aksul na tirela da gangan suke ɗan lanƙwasa tsakiyarsa zuwa sama, ta yadda idan an ɗora kaya daidai ƙima, nauyin zai miƙar da shi, tayoyin su tsaya cak a kan titi. Idan kaya ya wuce ƙima, ko tirelar ta faɗa rami da gudu, wannan lanƙwasa sai ta baje ko ma ta koma ƙasa. A nan ne kawunan tayoyin suke karkatowa ciki, ƙasansu ya baje waje, gefen ciki ya ɗauki nauyin duka, ya cinye ya bar sauran. Wanda ya tsaya nesa kaɗan a bayan tirela mai ɗauke da kaya yakan iya ganin wannan karkata da idonsa. Idan gefen waje ne ya cinye, to karkatar ta koma ɗaya ɓangaren, kuma sau da yawa wannan yana nufin bakin aksul, inda boris yake zama, ya bugu da wani abu ya tanƙware.

Akwai kuma cinyewar da ido ba ya saurin gani sai hannu. Idan ka shafa zanen daga ciki zuwa waje ka ji sumul, amma da ka dawo da hannunka ka ji kaifi-kaifi kamar haƙoran zarto, tayar ba ta fuskantar gaba sosai, ana janta ne tana gurzar titi a karkace. Idan kuwa ka ji kwari da tudu suna bin juna a kewayen tayar, sai ka tuhumi boris ko sifirin da ya yi sako-sako. Wuri ɗaya da ya shafe fal kamar an goge shi da dutse, birki ne ya kama taya ta ja a ƙasa.

Abin da za a duba kafin awo

Awo ba ya da amfani a kan abin da yake motsi. Saboda haka a fara toshe tayoyi da dutse ko katako, a ɗaga gefe ɗaya da jak, a sa wani abu mai ƙarfi ya tokare firam ɗin, wato ƙarafan gangar jikin tirelar, domin ba a shiga ƙarƙashin tirela a kan amanar jak kaɗai. A kama tayar da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a girgiza ta. Idan tana ƙwas-ƙwas, boris ya saki ko ya mutu, sai a buɗe a wanke shi, a duba, a sa sabon giris, a ɗaure notinsa yadda tayar za ta juya ba tare da rawa ba, a kuma sa sabon fil ɗin da ke hana notin kwancewa.

Daga nan a koma kan sifirin. Akwai kusa guda da ta ratsa tsakiyar ganyayyakinsa, wadda makanikai suke kira santa bol, kanta kuma yana shiga wani ɗan rami a mazaunin aksul. Wannan ƙaramar kusa ita ce take riƙe aksul a wurinsa. Idan kusoshin nan masu siffar harafin U, waɗanda suka rungume aksul da sifirin, suka saki, santa bol yakan karye, gefe ɗaya na aksul ya zame baya. Alamarsa ita ce ƙarfe mai sheƙi ko jan tsatsa a wurin da abubuwan suke gogar juna, ko kuma a ga taya ɗaya ta fi 'yar uwarta kusa da bayan murfinta. A duba bushin da ke idon sifirin, wato zoben da kusa take ratsawa a ƙarshen sifirin, a kuma duba maratayan da aka yi wa walda a jikin firam, ko ramukansu sun faɗaɗa sun zama kamar ƙwai.

Yadda ake awo

Kayan aikin ba su da tsada: tef na awo mai santimita, da alli, da zare da aka ɗaura wa noti a ƙarshensa irin wanda magina suke duba miƙewar bango da shi, da littafin rubutu. Ana bukatar daɓen siminti mai sumul da mutum biyu. A saki zaren daga tsakiyar majonin tirela, wato wurin da take kama mota, a yi alama da alli inda notin ya nuna a ƙasa. A sake yin haka a bakin aksul na dama da na hagu, a kula a ɗauki wuri iri ɗaya a kowane gefe. Yanzu akwai alamomi uku a kan daɓe. A auna daga alamar gaba zuwa ta dama, a rubuta, a auna daga ta gaba zuwa ta hagu, a rubuta.

Lambobin biyu ya kamata su zo ɗaya, ko bambancinsu kada ya wuce milimita 3. A ce dama ta ba da santimita 305, hagu ta ba da santimita 306 da rabi. Bambancin santimita 1 da rabi ne, wato milimita 15, ninki biyar ke nan na abin da aka yarda da shi, kuma yana nuna gefen hagu ya zame baya. Tirela mai aksul ɗaya da ke cikin wannan hali za ta riƙa bin mota a karkace, direba ya ga gefenta ɗaya ya fi fitowa a madubi.

Mai aksul biyu ita ta fi shan wahala, don haka bayan an daidaita na gaba, sai a auna tazarar da ke tsakanin aksul na gaba da na baya a kowane gefe. Idan ba su yi daidai ba, kowane aksul yana nufar wata hanya dabam, firam kuma yana tilasta musu tafiya tare. Lissafin yana da ban mamaki. A aksul mai faɗin santimita 180, bambancin milimita 6 kacal yana nufin cewa a kowace kilomita, inda aksul biyun suka nufa ya raba da fiye da mita 3. A tafiyar kilomita 100 an haura mita 300 ke nan, kuma robar tayoyi huɗun ce take biyan wannan bambanci ta hanyar gurzar kwalta.

Gyara

Idan santa bol ne ya karye, a kwance, a sa sabo, a mayar da aksul mazauninsa. A sa sababbin kusoshin U, domin waɗanda aka taɓa ɗaurewa sun riga sun ɗan ƙara tsawo, ba za su sake kamawa kamar da ba. A ɗaure su kaɗan-kaɗan bi da bi, sa'an nan a sake ɗaure su bayan tafiyar farko da kaya. Idan maratayin sifirin ne aka yi wa walda ba a daidai ba tun farko, abin da yake yawan faruwa a tirelolin da ake haɗawa a gida, sai mai walda ya yanke shi, a auna, a ɗan ɗiga walda, a sake aunawa, kafin ya ƙarasa.

Aksul da ya tanƙware kuwa, ba na ba da shawarar a gasa shi da wuta a miƙar, ko da yake na san wasu suna yi saboda sauƙin kuɗi. Wuta tana canza ƙarfin ƙarfe, kuma aksul da aka gasa yakan koma yadda yake da an ɗora masa kaya, wani lokaci ma ya tsage a hanya. Ko dai a kai shi wurin masu na'urar matse shi a sanyi, ko a saya wani.

Nauyi da lambobin jikin taya

Gyara ba zai daɗe ba idan an koma ɗora kaya kamar da. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka tankin lita 1,000 idan ya cika ya kai tan guda, ban da nauyin tankin da na tirelar kanta. A nemi ɗan allon ƙarfe da ke jikin firam ko aksul a karanta iyakar nauyin da aka rubuta. A raba kaya daidai tsakanin dama da hagu, a kuma ɗan rinjayar da shi gaba, yadda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin zai sauka a kan majoni.

A jikin kowace taya an rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka da iyakar iskarta, kusa da haruffan PSI. Bayan haruffan DOT kuma akwai jerin alamomi da ke ƙarewa da lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Mai sayen tayar gwanjo ya kula da wannan, domin tayar tirela takan tsufa ta tsattsage a rana tun zanenta bai ƙare ba.

Aikin gwaji

Kowane ɗalibi ya nemi tirela ɗaya a unguwarsa, ya nemi izinin mai ita, ya yi awon nan na alamomi uku tare da abokin karatunsa. Ya rubuta lambobin dama da hagu a littafinsa, ya fitar da bambancinsu a milimita, ya kwafo lambobi huɗun da ke bayan DOT na kowace taya, ya kuma bayyana a jimla biyu ko uku yadda ya ji zanen tayar a ƙarƙashin hannunsa. A zo da littattafan a zama na gaba.