Shan ruwa bayan tiyatar rage ƙiba: kurakuran da ke mayar da mutum gadon asibiti

Wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba a Tunis ko Turkiyya, ya sauka Garwa a watan Afrilu, ba abinci ne zai fara ba shi wahala ba. Ruwa ne. A aikin da aka fi yi, ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, abin da ya rage bai fi girman ayaba ba, kuma a makonnin farko a kumbure yake. Shi kuwa jiki bai rage buƙatarsa ba: lita ɗaya da rabi zuwa lita 2 yake nema kullum, a garin da zafi ke wuce digiri 40. Ƙarancin ruwa na cikin manyan dalilan da ke sa a sake kwantar da mutum a watan farko.

Babban kuskure shi ne jiran ƙishirwa. Mun saba mu wuni a kasuwa, mu dawo mu kafa kai a moɗa sai mun ga gindinta. Wannan ya wuce. Bashin ruwa yanzu ba ya biyuwa lokaci guda. Wanda ya bari tun safe har la'asar, ya ce zai rama, amai zai yi, ya zubar da ɗan abin da ya samu. Gyaran shi ne kurɓa-kurɓa bisa agogo. A kwanakin farko, mililita 30, wato babban cokali biyu, kowane minti 15. A ido kamar wasa, amma lissafa ka gani: mililita 120 ke nan a awa, cikin awa 14 an haura lita ɗaya da rabi. Ni shawarar da nake bayarwa, a ɗauki gorar ruwan Tangui mai lita ɗaya da rabi, a ja mata layi da biro, a raba ta da lokutan salla. Rabi ya ƙare kafin azahar, sauran kafin isha'i. In azahar ta yi gora na nan cike, ka san kana baya tun kafin jiri ya gaya maka. Kuma kada sanyin hunturu ya yaudare ka; busasshiyar iskar nan tana ɗebe ruwan jiki ba tare da ka ga gumi ba.

Sai abin da ake sha. A nan 'yan dubiya suka fi yin ɓarna, da kyakkyawar niyya. Ga mai kawo lemon kwalba, ga mai zoɓo, wanda ake kira folere a Marwa, karkanji a Injamena, an zuba masa sukari har cokali na tsayawa. "Hajiya, daure ki ɗan kurɓa, ai zai ba ki ƙarfi." Ba ƙarfin da zai bayar. Gas ɗin lemo yana cika ɗan tumbin da iska ya hana ruwa wuri. Sukari kuwa, musamman ga wanda aka yi wa nau'in tiyatar da ake karkatar da hanyar abinci, yana zarcewa hanji da sauri, sai ka ji zuciya na dukan uku-uku, gumi, jiri, murɗar ciki da gudawa, ruwa ya sake tafiya. Amsar mai sauƙi ce: "Na gode Yaya, likita ya hana." Shayinmu mai kauri da gahawa su ma a jingine su wata guda, ko har likita ya ba da izini. In ruwa zalla yana maka nauyi, abin da kan faru, gwada mai ɗumi, ko mai sanyi, ko ka jefa ganyen na'a-na'a. Romon kaza da aka tace, aka kwashe mansa, shi ma yana shiga lissafi. Ruwan randa ko na leda da ba ka yarda da shi ba, a tafasa, don gudawar kwana biyu ta isa ta kayar da kai.

Kada a zuƙa da tsinken shan lemo, iska ake haɗiya. In an fara cin abu mai laushi, kada a kora da ruwa: a dakata minti 30 kafin ci, a jira minti 30 bayansa.

Azumi, ko na Ramadan ko na nafila, ba na wanda ya fito daga wannan aiki ba ne tukuna. Ba yadda za a yi ruwan yini ya shiga tsakanin buɗe-baki da sahur. Suratul Baƙara ta ba marar lafiya damar ramawa daga baya. Lokacin da ya dace, likitanka zai faɗa. Mai shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, ko na ciwon sukari, shi ma ya sa a sake duba masa ƙa'idar shan maganin.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne haƙuri. Fitsari ya koma kalar shayi, ko ya ragu ƙwarai, kai na ciwo, in an miƙe sai duhu-duhu, amma a ce gajiyar hanya ce. In amai ya hana ruwa zama na tsawon yini, a tafi asibiti mafi kusa, ba sai an jira amsar likitan waje ta WhatsApp ba. Bugun zuciya sama da 120 a minti, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki mai tsanani, na iya nufin ɗinki ya yi yoyo. Wannan ba a kwana da shi. A riƙe takardar aikin a hannu. In an kwashe kwanaki ana amai, a gaya wa likita kafin a ɗaura ƙarin ruwa, don irin wannan aman yana ƙarar da bitamin B1, kuma ruwa mai sukari kafin a ba da bitamin ɗin yana iya taɓa ƙwaƙwalwa.