Yadda za ka gane dangin cinnaka da gwano da idonka

Duk ɗan Damagaram ya san cinnaka tun yana rarrafe, domin shi ke tada mutum daga tabarma ba sallama. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne cinnaka da gwano gida ɗaya suka fito, kuma gidan nasu daban yake da na tururuwa da kiyashi, daban da na kwarkwasa. Masana suna ce wa gidan Ponerinae. Wani Bafaranshe mai suna Lepeletier ne ya raɗa masa sunan a 1835, yau kuma an san iri fiye da 1,200 a cikinsa, akasarinsu a ƙasashen zafi, kusan duka mafarauta ne masu harbi. Na daɗe ina koyar da kimiyyar halittu a kwaleji, kuma na lura darasin rarrabe halittu ba ya zama a kan yara sai sun kamo abin da hannunsu. Abin da nake sa su yi shi zan shimfiɗa a nan.

Kayan aikin ba su da yawa. Ka samu ƙaramar kwalbar allura da aka gama da ita, ka wanke ta tas. Ka sayi alkol mai digiri 70 a farmasi, ka nemi matsefata, farar takarda, kireyo, da madubin ƙara girma mai ninka goma. In babu madubin, wayarka ta isa: ka ɗauki hoto kusa-kusa cikin haske, ka buɗe shi da yatsu. Da kireyo za ka rubuta wuri da rana a ƴar takardar da za ta shiga kwalba, saboda alkol yana wanke tawadar bik.

Lokacin fita shi ne sassafe ko bayan la'asar, kuma damina ta fi, daga Yuli zuwa Satumba. Cinnaka yana son laima, don haka ka duba gindin randa, bakin famfo, ƙarƙashin turmi, gefen magudanar ruwa, ko inda ake ban ruwan garka. A tsofaffin gidajen ƙasa na Birni ba ka wahalar nemansa, a garake na Mirya kuwa sai ka gaji da gani. Kada ka kama da yatsa. Ka ɗauka da matsefata a hankali, ko ka tura shi cikin kwalba da tsinke. In da rai kake son duba shi, ka ɗora kwalbar a kan ƙanƙara ƴan mintoci, sanyi zai sa ya lafa.

Yanzu ka aza shi a farar takarda ta gefe, ba ta baya ba. Tsakanin ƙirji, inda ƙafafu shida suke, da babban ɓangaren baya wanda muke ce wa ciki, akwai siririn ƙugu. Nan ne aikin yake. Ka ƙirga ƙullin da ke wannan ƙugun. In biyu ne, ka sake shi, galibi ɗan gidan Myrmicinae ne, wato gidan tururuwa mai jidar hatsi da yawancin abin da muke kira kiyashi. In ɗaya ne, ka ci gaba.

Ƙulli ɗaya bai isa shaida ba, domin manyan nan masu saurin gudu da ke zuwa wa sukari da dare su ma ƙulli ɗaya gare su, amma ƴan gidan Formicinae ne, ba su da ƙari, ruwa mai tsami suke fesawa. Sai ka matsa kan cikin. A dangin cinnaka za ka ga wani matsi tsakanin gaɓar farko da ta biyu, kamar an ɗaura wa buhu igiya an ɗan ja. Daga nan ka duba ƙarshen ciki. Wanda ya mutu a alkol sau da yawa ƙarinsa yana fitowa, siriri mai tsini. Ƙulli ɗaya, matsi a ciki, da ƙari: in ukun nan suka haɗu a ƙwaro baƙi mai taurin jiki a ƙasarmu, da wuya ka yi kuskure. Wannan ƙarin asalinsa abin ajiye ƙwai ne da ya rikiɗe, shi ya sa mata kaɗai ke harbi. Duk ma'aikatan da kake gani suna kai da kawo mata ne. Mazan masu fiffike ne, ba su harbi, ba su aiki, ba su kuma daɗewa.

Yara kan kawo mini gara su ce sun kamo. Gara ba ta da ƙugu sam, ƙahonninta a miƙe suke ba gwiwa, kuma ita ƴar'uwar kyankyaso ce. A wannan labarin ita ce abinci.

Cinnakan da muka fi samu shi ne Brachyponera sennaarensis, tsawonsa milimita 4 zuwa 6. Masanin Ostiriya Gustav Mayr ya siffanta shi a 1862, sunan kuma daga Sennar ta Sudan ya zo. Yana da wani hali da ya raba shi da danginsa, kuma za ka iya gwadawa a tsakar gida. Ka zuba tsakin hatsi a gefe ɗaya na bakin raminsa, ka ajiye gara biyu ko uku a ɗaya gefen, ka zauna. Zai harbi garar ya ja ta ciki, ya kuma jidi tsakin. Yawancin ƴan gidan nan nama kawai suke ci, shi ko ya haɗa da ƙwayar ciyawa da hatsi, kuma a ganina wannan na daga abin da ya sa ya ji daɗin zama a Sahel da kusa da rumbunanmu. In ka ɗaga dutse ka tarar da wasu ƴan ƙunshi masu ruwan ƙasa, ba ƙwai ba ne. Tsutsa ce ta saƙa wa kanta riga tana rikiɗa a ciki, ta tururuwa kuwa tsirara take rikiɗa.

Gwano kuma hancinka zai riga idonka. Babban baƙin nan mai kusan santimita 2 da ke yawo shi kaɗai shi ne Paltothyreus tarsatus, warin kuwa daga wasu sinadarai masu farar wuta yake fitowa, waɗanda yake saki daga gindin muƙamuƙinsa in an taɓa shi. Mai tafiya a jere wani ne daban, Megaponera analis, ko da yake mu duka gwano muke ce musu. Shi ɗan leƙen asiri yake turawa ya gano inda gara ke kiwo, ya dawo ya ja runduna ta ɗaruruwa, su far wa garar, kowa ya ciko baki su juyo. Masana sun sa iyakarsa ta arewa wajen digiri 12 daga layin da ya raba duniya biyu, mu kuwa muna kusa da 14, don haka kada ka ɓata rana kana nemansa a duwatsun Birni. Sai in tafiya ta kai ka kudu cikin Najeriya, inda ruwa da suri suka fi yawa.

In Allah ya sa ka gamu da jerin, ka tsaya ka kalli dawowarsu. Erik Frank na jami'ar Würzburg a Jamus ya bi su a gandun dajin Comoé na Kodebuwa, ya wallafa a 2017 cewa suna ɗauko waɗanda zago ya cire wa ƙafa su kai gida. Daga baya shi da abokan aikinsa suka nuna cewa a cikin rami ana lasar raunin, in ya kamu da cuta kuma a shafa masa wani ruwa mai kashe ƙwayoyin cuta da suke fitarwa daga gefen ƙirji. Wanda ya ji rauni da yawa ba ya ma yarda a ɗauke shi.

Akwai guda da zai karya maka ƙa'idar matsin ciki, wato Odontomachus, domin nasa matsin ba ya fitowa sosai. Amma ba ka buƙatarsa: yana tafe muƙamuƙansa a buɗe ɗam, a miƙe hagu da dama, da ya taɓa abin farauta sai su rufe da ƙara. An auna wani irinsa na nahiyar Amurka a 2006, saurin rufewar ya haura mita 60 a daƙiƙa. Wuri mai inuwa da ruɓaɓɓen ganye yake so.

Wajen rubuta suna ka yi hattara da tsofaffin littattafai. A 2003 Barry Bolton ya tsattsage tsohon gidan, ya fitar da wasu ya ba su gidajensu, ciki har da Paraponera na Amurka ta Kudu da ya yi suna a zafin harbi. A 2014 Chris Schmidt da Steve Shattuck suka sake tsara abin da ya rage zuwa zuriya 47 a ƙabila biyu, Ponerini da Platythyreini. Kafin nan cinnaka da gwano biyun duka a zuriyar Pachycondyla ake cusa su, to in ka ga wannan sunan a littafin lakwal, su ne. Ka gwada hotonka da na shafin AntWeb a intanet, kyauta ne, suna nuna kowane iri ta gaba da ta gefe da ta sama.

Harbi kuwa ba makawa wata rana zai same ka. Ka wanke da ruwa da sabulu, ka ɗora abu mai sanyi, kada ka sosa. Ga yawancin mutane zafi ne da ɗan kumburi, su wuce. Amma a Saudiyya da Daular Larabawa, inda ake ce wa wannan cinnakan samsum, likitoci sun rubuta mutanen da jikinsu ya ƙi dafin har abin ya yi tsanani. In bayan harbi ka ga fuska ko leɓe na kumbura, ƙuraje sun feso a jiki duka, numfashi na sarƙewa ko jiri na ɗibar mutum, kada a tsaya shafa toka ko jiƙa magani, a sa shi a kabu-kabu a nufi asibiti nan take. Malamin da zai fita da yara ya fara tambayarsu ko akwai wanda harbin cinnaka ko na zuma ya taɓa yi wa haka, shi sai a ba shi kireyo da takarda ya zama mai rubutu.