Yadda ake kai buƙatar jinya, gida ko fanshon soja wurin ɗan majalisa a Zariya

Yawancin masu zuwa wurin ɗan majalisa da buƙata, baki kawai suke ɗauka su tafi. Mutum ya yi sammako ƙofar gidan Onarabul, ya wuni a kan benci, da yamma yaron gida ya miƙo masa kuɗin mota ya koma, alhali fanshonsa da aka tsayar yana nan a tsaye. Ɗan majalisa ba ya biyan fansho, ba ya sa hannu a takardar fili, ba ya yafe kuɗin tiyata. Ƙarfin da ofishinsa yake da shi na tura fayil ne wanda ya riga ya shiga hukumar da abin ya shafa ya maƙale. Saboda haka aikinka shi ne ka je masa da abin da zai tura.

Mataki na 1: gane wanda maganar take hannunsa

Kafin komai ka tambayi kanka, wannan hukumar ta wace gwamnati ce? Asibitin koyarwa na Shika, fanshon soja da bankin lamunin gidaje na FMBN duk na tarayya ne, don haka maganarsu ta ɗan majalisar wakilai ce ko sanatan Kaduna ta Arewa. Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, hukumar taimakekeniyar lafiya ta KADCHMA, hukumar filaye ta KADGIS da KASUPDA mai ba da izinin gini na jiha ne, sai ɗan majalisar jiha. Ƙaramin asibitin unguwa da sa suna cikin jerin mabuƙata kuwa, ka fara da kansila.

A kula da iyaka. Zariya da Sabon Gari mazaɓu biyu ne daban a majalisar wakilai. Mutumin Samaru, Hanwa ko Muciya na Sabon Gari ne, na Gyallesu, Tudun Wada ko Kwarbai na Zariya. Mutane da yawa suna kwasar takarda su kai ofishin wakilin Zariya saboda shi ne Kakakin Majalisa tun 2023, amma wakilin mazaɓar da ke kan katin zaɓenka shi ne naka.

Mataki na 2: buɗe fayil a hukumar da kanta

In jinya ce, ka sami rahoton likita mai sa hannu da hatimi, lambar katin asibiti, da ƙiyasin kuɗin aiki a rubuce daga sashen kuɗi. Ka fara biyawa ta sashen walwalar marasa lafiya na asibitin, domin shaidarsu cewa ba ka da hali ta fi rantsuwarka nauyi. In buƙatar ba ta gaggawa ba ce, roƙon a yi wa iyalinka rajistar KADCHMA ya fi roƙon kuɗin magani sau ɗaya amfani nesa ba kusa ba, sai dai a sani yawanci akwai lokacin jira kafin rajista ta fara aiki. Marasa ƙarfi kuma suna da asusun kula da lafiya a matakin farko na BHCPF da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, ana shiga ta asibitin gunduma, ba a biyan ko kwabo.

In gida ne, akwai hali biyu. Wanda ambaliya ta rushe masa ɗaki a bakin kogin Kubanni ko Galma, ko gobara ta cinye, ya ɗauki hotuna a ranar tun kafin a kwashe ƙasa, ya karɓi takardar mai unguwa, ya tabbatar sunansa ya shiga jerin da ƙaramar hukuma za ta aika wa hukumar agajin gaggawa ta jiha. In jerin ya wuce ba sunanka, da wuya wasiƙar kowa ta maido shi. Ma'aikaci mai neman lamuni kuma ya fara da lambarsa ta asusun gidaje na NHF, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi. Ruwan lamunin kashi 6 ne, ana iya biya har shekara 30, amma ba a bayarwa a kan filin da ba shi da takardar mallaka. Takardar cinikin da aka rubuta gaban dagaci ba ta wadatarwa, sai an bi ta KADGIS.

In fanshon soja ne, fayil yana Hukumar Fanshon Soja a Abuja. Sojoji sun fita daga tsarin fanshon adashi tun 2011, don haka kada a ɓata kuɗin mota zuwa kamfanonin fansho. Tsohon soja ya haɗa takardar sallama, lambar soja, shaidar tantancewa ta ƙarshe da bayanin asusun banki da ke nuna watan da kuɗi ya daina shiga. Matar mamaci ko ɗansa su ƙara da takardar shaidar mutuwa, shaidar cewa su aka rubuta a matsayin magaji, da takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci. Kafin ɗan majalisa ma, a biya ta reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Lijon, sun san takardar da ake tambaya a yanzu. Jinyar tsohon soja kuwa tana ƙarƙashin DHML, kamfanin da ke kula da inshorar lafiyar sojoji.

Mataki na 3: daidaita suna, sannan a rubuta wasiƙa

A nan ne fayil da yawa suke mutuwa, kuma ba laifin kowane ɗan siyasa ba ne. Ka shimfiɗa takardunka duka a kan tabarma ka karanta sunan da ke kan kowace, harafi bayan harafi. Dattijon da ya shiga soja ta Depot na Zariya, inda ake horas da sabbin sojoji, yana saurayi, sau da yawa sunan garinsu aka rubuta masa a madadin na mahaifi. A takardar sallama Musa Giwa, a NIN Musa Abdullahi, a BVN Musa Abdullahi Giwa. A wurinka mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum uku ne, kuma ba za ta saki kuɗi ba ko wa ya buga waya. Haka Muhammad da Mohammed, haka shekarar haihuwa da ta bambanta. Ga mata kuma, sunan uba a wata takarda, na miji a wata. Gyaran shi ne takardar rantsuwa a babbar kotu, sanarwar jarida in an nema, sannan a gyara NIN da na banki su dace da abin da ke cikin fayil ɗin hukuma. Yana cin kuɗi da 'yan makonni, amma ƙetare shi ya fi tsada.

Wasiƙa shafi ɗaya ce, buƙata ɗaya. Kada a cika ta da kirari da tarihin wahalar da aka sha a zaɓe. Bayan gaisuwa layi ɗaya, ga abin da ya kamata ta ƙunsa: "Ni wane, daga gundumar Kaura, mai lambar soja kaza. An tsayar da fanshona tun watan kaza. Na rubuta wa hukuma ranar kaza, ga kofen da suka buga wa hatimi. Ina roƙon ofishinka ya rubuta musu ya nemi dalili." Jimlar ƙarshen nan ita ce wasiƙar. "A taimaka mini" ba aiki ba ne da ma'aikaci zai iya sa wa a tebur. A buga ta da Turanci tun da za a liƙa ta ne a jikin wadda za a aika wa hukuma, a sa lambar waya mai shiga. In kuɗin asibiti ne, a rubuta lambar biyan kuɗi ta asibitin maimakon asusun kanka, an fi saurin amincewa.

Mataki na 4: miƙawa

Ofishin mazaɓa ake kaiwa, ba gida ba, ba wurin ɗaurin aure ba. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka yi kofe biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata ka dawo da shi, ka kuma rubuta sunan wanda ya karɓa. Takardun asali ba sa barin hannunka, musamman takardar sallamar soja, fotokofi kawai. Duk wanda ya ce a ba shi na goro don ya kai takarda gaban Onarabul, ko a sayi fom ɗin tallafi, ka kama gabanka.

Mataki na 5: bibiya

Bayan mako biyu ka koma ka nemi kofen wasiƙar da ofishin ya aika, ka ɗauka da kanka ka bi ta a hukumar. In an yi wata uku shiru a kan haƙƙin da yake tabbas naka ne, ka nemi wakilin ya gabatar da kokenka a zauren majalisa don a miƙa wa kwamitin sauraron koke-koken jama'a, wanda yake iya gayyatar shugaban hukuma ya zo ya yi bayani. Koken sai da sa hannunka, kuma ba a karɓar maganar da take gaban kotu, don haka a zaɓi hanya ɗaya tun farko.