Yadda Ake Komawa pnpm daga npm Ba Tare da An Ɓata Fitar da Manhaja Ba

Mai rubuta manhaja a Kaduna da ke riƙe da ayyuka da dama a kwamfuta ɗaya, kuma yake tseren gama aiki kafin caji ya ƙare, yana da hujjar komawa pnpm daga npm. Dukansu kayan aiki ne na girka ƙunshi, wato guntun manhajar da wasu suka rubuta wanda ayyukan JavaScript ke dogara da shi, amma pnpm yana ajiye kowane ƙunshi sau ɗaya a rumbu guda, ayyukan duka su riƙa ɗiba daga nan. Sai dai a ganina ba a kwamfutarka haɗarin yake ba, yana can a sabar da ke gina sigar da za ta je hannun jama'a.

Kada ka yi wannan sauyi a makon da za ku fitar da sabuwar siga. Ka buɗe reshe na daban a Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen aikinku, ka gina manhajar da npm, ka adana abin da ya fito domin kwatantawa. Daga nan ka gudanar da `pnpm import`, wanda zai karanta `package-lock.json`, fayil ɗin da npm ke rubuta sigar kowane ƙunshi a ciki, ya samar da makamancinsa `pnpm-lock.yaml` bisa sigogin da kuke amfani da su. Ka rubuta sigar pnpm a gurbin `packageManager` na `package.json`, don kowa ya yi aiki da iri ɗaya.

A nan ne ake buƙatar haƙuri. npm yana baje komai a cikin `node_modules`, jakar da ake zuba duk ƙunshin da aka girka, har manhajarka ta iya kiran ƙunshin da ba ka taɓa ambata ba, wanda wani ƙunshin ne ya jawo shi. pnpm ba ya barin haka, saboda haka gini zai iya tsayawa da saƙon cewa ba a sami wani abu ba. Tsohuwar ɓaraka ce ta bayyana, kuma maganinta shi ne ka ƙara ƙunshin da `pnpm add`. Akwai saitin `shamefully-hoist` da ke rufe matsalar, amma ban ba da shawararsa ba sai idan babu makawa. Haka kuma, tun daga siga ta 10 da ta fito a 2025, pnpm ba ya barin ƙunshi ya gudanar da umarninsa na girkawa sai da izini, don haka ƙunshi irin su esbuild sai ka amince musu da `pnpm approve-builds`.

Sai ka bi duk inda aka rubuta `npm ci`, umarnin girkawa da sabar gini ke gudanarwa, a saitunan gini irin su Dockerfile ko GitHub Actions, ka mayar da shi `pnpm install --frozen-lockfile`. Idan kuna wallafa ƙunshi, ka sani `pnpm publish` yana ƙin aiki muddin akwai gyaran da ba a shigar a Git ba.

Bayan ka kwatanta sabon gini da wanda ka adana, ka goge `package-lock.json`, ka haɗa sauyin duka a shigarwa ɗaya ta Git don janye shi ya yi sauƙi, sannan ka sanar da abokan aiki su goge `node_modules` nasu kafin su sake girkawa.