Yadda Ake Jagorantar Addu'a a Sujadar Lahadi

A ikilisiyoyi irin su ECWA, COCIN, EYN da HEKAN, ba fasto kaɗai ke yin addu'a a gaban jama'a ba. Ana iya kiran dattijo, ko shugabar zumuntar mata, ko matashin da bai daɗe da yin baftisma ba. Ko wa aka kira, aikin ɗaya ne: ya zama bakin jama'a a gaban Allah. A 1 Korintiyawa 14:16 Manzo Bulus ya tambaya, yaya mutum zai ce Amin ga godiyar da bai fahimta ba? Da wannan tambayar za ka auna duk abin da zai fito daga bakinka.

Da farko, ka san wace addu'a aka ba ka. Ta buɗe sujada ce, ko ta baiko (wato kyautar da masu sujada ke bayarwa), ko ta roƙo domin ikilisiya da ƙasa, ko ta rufewa? Tambayi mai jagorar sujada tun kafin ranar. In ta baiko ce, ka gode wa Allah, ka roƙi albarka a kan abin da aka bayar, ka zauna.

Na biyu, ka shirya tun daren Asabar. Wasu 'yan'uwa suna ganin rubuta abin da za a roƙa rashin dogara ne ga Ruhu Mai Tsarki. Ban yarda ba. Mawaƙa suna koyon waƙa a tsakiyar mako, fasto yana zama ya shirya wa'azi, don me addu'a kaɗai za a bari sai an hau bagade? Karanta nassin da za a yi wa'azi a kai, ka ƙara da Zabura ɗaya, kamar ta 103 don yabo ko ta 51 don tuba. Sai ka rubuta kanun abubuwa a 'yar takarda.

Na uku shi ne tsari. Ka buɗe Ayyukan Manzanni 4:24-30 ka ga yadda ikilisiyar Urushalima ta yi addu'a bayan an tsare Bitrus da Yahaya, an kuma ja musu kunne. Ba da matsalarsu suka fara ba. Sun fara da Allah Mahaliccin sama da ƙasa da teku, suka kawo Zabura ta 2, sannan suka faɗi barazanar da ake musu, suka roƙi ƙarfin halin ci gaba da faɗin maganarsa. Ayoyi bakwai, an gama. Ka bi sawunsu wajen fara da Allah kafin matsala: yabo, furta zunubi, godiya, sannan roƙo. Kuma “mu” za ka riƙa cewa, ba “ni” ba. Damuwar gidanka ka kai ta ɗakinka.

Wurin roƙo ne aka fi yin tuntuɓe, shi ya sa zan ɗan daɗe a nan. 1 Timoti 2:1-2 ta umarta a yi addu'a domin dukan mutane, da sarakuna da masu mulki. Wannan ya haɗa da gwamnan da ba ka zaɓa ba, da sarkin garinku, da maƙwabtanmu Musulmi waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su. Ka tuna da damina da manoma, da gwauraye da marayu, da 'yan gudun hijira. Akwai majami'un da raunin bai warke ba; da yawa daga 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan EYN ne. A gaban irin waɗannan iyaye, ka faɗi zafin yadda yake, ka roƙi Allah ya yi shari'ar gaskiya, ya dawo da waɗanda ke hannun miyagu. Amma kada ka mai da bagade wurin tsine wa wata ƙabila ko wani addini. Ubangiji da kansa ya ce a Matiyu 5:44 mu yi wa masu tsananta mana addu'a. Da wuya, amma umarni ne.

Ka rufa wa mutane asiri. Kada ka ambaci sunan marar lafiya da ciwonsa, ko rikicin auren wani, sai da izininsu. Kada kuma ka rufe ido ka yi wa dattawa habaici ko ka cusa sanarwa. Da Allah kake magana.

Na huɗu, harshe da murya. Yawancin masu sujada da Hausa a Filato, Kudancin Kaduna, Gombe ko Adamawa suna da harshensu na gida, Berom ne ko Bajju, Tangale ko Bura. Yi Hausa mai sauƙi, da gajerun jimloli, ba tare da tsarma Turanci ba, don tsohuwar da ke bencin baya ta bi ka. In akwai makirfo, babu bukatar ihu. Ka guji cika kowane numfashi da “Ya Uba, Ya Ubangiji” don kawai ka rasa abin faɗi. Matiyu 6:7 ta yi gargaɗi a kan maimaici marar amfani. In magana ta tsaya maka, ka yi shiru kaɗan. A ganina minti 3 zuwa 5 sun isa addu'ar roƙo, sauran kuma kada su kai haka.

Daga ƙarshe, ka rufe yadda kowa zai gane an zo ƙarshe: “cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu,” sai ka dakata jama'a su amsa. In za a haɗa da Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa, ka faɗi layin farko da ƙarfi, sannan ka sassauta murya, ka bi saurin jama'a don yara da tsofaffi su gama tare.